Uban goge a tsakiyar hayaniya: abin da ke nutsar da kontarabas a gidan biki

A Gadarif na gane cewa akwai sauran karatu a gabana, a wani bikin aure da aka kafa wa siwan a tsakiyar layi. Siwan, ga wanda bai zauna Sudan ba, ita ce babbar rumfar yadi da ake kafawa a ƙofar gida don biki ko zaman makoki. Ni ke riƙe da mikisa a daren, wato na'urar da ake haɗa sautin makaɗa a daidaita shi. A kan dandamali akwai mai ogan, wato abin da mutanen Kano ke ce wa fiyano, da cikakken saitin gangunan Turawa, da bongo, da masu busa sakis biyu, da mawaƙi. Can gefe kuma ga kawuna rungume da kontarabas ɗinsa, wanda ya taso da shi daga Omdurman a saman babbar mota, naɗe cikin barguna, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Ya bar firji, ya bar gado, amma bai yarda ya bar wannan katako ba.

Ba a yi minti goma da farawa ba ya yafuto ni. "Ɗana, ɗaga ni, ba na jin kaina." Na murɗa. Can ya sake ɗaga haɓa sama, na ƙara. A karo na uku sai wani ruri ya taso daga lasifika kamar sa ya faɗa rijiya, ruri mai kumbura yana cika rumfar, har kujerun roba suna kakkarwa. Mata suka toshe kunne, mawaƙi ya watso min harara, ni kuma a ruɗe na ja layin Kawu ƙasa gaba ɗaya. Haka ya ƙarasa daren, yatsu na aiki, gumi na zuba, babu mai jin komai. A hanyar komawa gida bai ce min uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Kontarabas shi ne uban gogen Turawa, wanda ake kaɗawa a tsaye, tsawonsa ya kai na babban mutum. Tsirkiya huɗu gare shi, kuma da sunayen da makaɗan nan ke amfani da su ana ce musu Mi, La, Re, Sol. Mi, wadda ta fi kauri, tana girgiza sau 41 a daƙiƙa ɗaya, La 55, Re 73, Sol 98. Wannan ƙidaya ta girgiza a daƙiƙa ita ake rubutawa Hz, kuma duk rikicin daga nan ya samo asali. Sautin da ke girgiza sau 41 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa a cikin iska ya haura mita takwas. Gangar jikin kayan kuwa da kaɗan ta wuce mita ɗaya. Duk girman da ido ke gani, ƙarami ne a kan aikin da aka ɗora masa, don haka ba ya iya tura wannan sauti na can ƙasa da ƙarfi. Ga shi kuma kunnen ɗan Adam ba ya son ƙasa. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunne ke jin sautuka daban-daban, aka ga ya fi kaifi a tsakanin 2,000 da 5,000, inda kukan jariri da ƙarar faifan ƙarfe na ganga suke. Kafin a fara jin sautin 40 kawai, sai ya fi na 1,000 ƙarfi da kusan desibel 50, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara.

To me muke ji idan Kawu ya ja Mi a cikin ɗaki, har ƙirji ya amsa? Ita tsirkiya ba ta fitar da sauti ɗaya tilo. Akwai uwar sauti, 41, sannan akwai 'yan rakiya da ke tafe tare da ita: 82, 124, 165, haka har sama, kowanne ninkin uwar. Ƙwaƙwalwa idan ta ji 'yan rakiyar a jere, sai ta gane wace amarya aka kawo ko da ba ta ga fuskarta ba. Shi ya sa kake iya bin kiɗan bes, wato na sautin ƙasa, a lasifikar wayarka, alhali wayar ba ta da ƙirjin da za ta fitar da 41 ko a mafarki. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar: abin da ke sa a gane wace murya kontarabas ya buga yana sama da inda muke zato, a tsakiyar sauti, tare da ɗan "tak" ɗin da yatsa ke yi sa'ad da ya saki tsirkiya. Ƙasan nauyi kawai yake bayarwa. Ni kuwa a daren nan ƙasan nake ta ƙarawa.

Sai maganar rurin. Gangar jikin kontarabas an ƙera ta ne don ta karɓi 'yar girgizar tsirkiya ta hanyar jaki, wato katakon nan da ke ɗauke da tsirkiyoyi kamar na goge da garaya, ta mayar da ita motsin iska. Amma hanyar ba ta da ƙyaure. Kamar yadda katakon ke tura iska, haka iska ke tura katakon. Duk mai shakka ya gwada: lokacin da sauran makaɗa ke kiɗa, ya ɗora tafin hannu a cikin kontarabas da ba a taɓa tsirkiyarsa ba. Zai ji yana rawar ɗari kamar mai masassara. Kayan da aka yi don ya zama baki ya koma ƙaton kunne. Lasifika ta fitar da sauti, katako ya kama, jaki ya girgiza, na'urar da ke jikin jaki ta tsinta ta aika wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi ta mayar wa lasifika. Muddin abin da ya dawo ya fi abin da ya fita ko da ƙyas, kowane zagaye sai ya ƙaru. Makirufon mawaƙi idan ya yi haka, tsuwa yake yi mai tsinin allura. Kontarabas ruri yake yi, saboda inda jikinsa ya fi son girgiza yana ƙasa, daga wajen 60 zuwa ɗari da 'yan kai, inda iskar cikinsa da faffaɗan katakon gabansa ke amsawa.

Saboda haka akwai rufi a kan kowane kontarabas, iyakar da in an wuce ta sai ruri, kuma sayen babbar amfilifaya ba ya ɗaga wannan rufi ko da taƙi ɗaya. Lissafin ma ba ya goyon bayan mai saye. Daga wat 100 zuwa wat 200, desibel 3 kacal aka samu, wanda da ƙyar kunne ke lura da shi a cikin hayaniya. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an kai wajen wat 1,000.

Matsalar ta girmi kowa a cikinmu. Kafin 1925, lokacin da ake ɗaukar faifai da ƙahon ƙarfe ba tare da lantarki ba, sau da yawa sai a ajiye kontarabas a kawo babban ƙahon busa da ake kira tuba, don na'urar ba ta jin sa. Makaɗan jaz na Niyu Olins irin su Pops Foster dabarar hannu suka nema: su finciko tsirkiya ta dawo ta mari allon wuya, ƙarar marin ta ratsa ƙungiya. A wajejen 1946 wani makaɗi, Everett Hull, ya dasa makirufo a cikin gangar jikin, a kan ƙafar ƙarfen da kayan ke tsayawa a kai, daga nan kamfanin Ampeg ya samo sunansa. A 1951 Leo Fender ya yanke wahala ta wata hanya: ya fito da jitar bes ta lantarki, gungumen katako marar rami, babu kunnen da zai kama lasifika. Cikin shekaru kaɗan ta mamaye kiɗan rawa na duniya. A nan ma haka. Kawu yana yawan ba da labarin zamanin da ƙungiya ke zama da goguna da ud, wato molon Larabawa, da akodiyon, kowa na jin kowa, wanda ya fi ƙara a matsar da shi baya, shi ke nan an daidaita. Gidan rediyon Omdurman da aka buɗe a 1940, wanda 'yarmu Aisha Falatiya, haifaffiyar Kassala, ta shiga ta yi waƙa tun farkon shekarunsa, a irin wannan duniya ya taso. Siwan ɗin yau mai tulin lasifika wata duniya ce dabam.

Hanya biyu ake bi a ɗauko sautin. Ta farko makirufo, kuma babu gardama shi ya fi faɗin gaskiya, don shi ke jin katako da iska yadda kunne ke ji. Akwai ƙananan da ake maƙalawa a tsirkiyoyi ƙasa da jaki, irin DPA 4099, akwai kuma dabarar talaka: a naɗe Shure SM57 da soso a cusa shi tsakanin ƙafafun jaki. Kusanci riba ne, domin duk lokacin da aka rage tazara da rabi ana samun ƙarin desibel 6 kyauta. Sai dai kada a leƙa da shi cikin ramin nan mai kama da harafin f, ba abin da ke wurin sai bumbum. Illar makirufo ita ce ba ya zaɓe. Faffaɗan cikin kontarabas kamar madubi yake, ƙarar ganga da ta sakis na bugunsa su dawo kai tsaye cikin makirufon da ke kallonsa. Ka ɗaga layin Kawu, sai ka tarar mai ganga ka ɗaga. A zaman ud da goge a cikin falo, makirufo sarki ne. Kusa da saitin ganguna, ban ga amfaninsa shi kaɗai ba.

Ta biyu ita ce 'yar na'urar da ake liƙawa a jikin kayan, wadda makaɗa ke kira fikof. Mafi yawansu na fiyezo ne, wani sinadari da ke haifar da lantarki idan an matsa shi, abin da 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Inda aka sa shi shi ke yanke halinsa. Wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙafar jaki, irin Realist, yana jin katako sosai, muryarsa da duhu da kauri, kuma saboda wannan jin katakon ya fi saurin kamuwa da ruri. Wanda ake sakawa a tsagar fiffiken jaki, irin Underwood ko Bass Max na K&K, ya fi kusa da tsirkiya, ya fi naushi, ya fi ratsa taro, ko da yake yana da ɗan hanci a muryarsa. Na Kawu irin wannan ne, kuma matsinsa a cikin tsagar ba abin wasa ba ne. In ya yi tsauri sauti ya shaƙe, in ya yi sako-sako ya dinga zizar ƙudan zuma. Zafin Gadarif ya busar da jakin har tsagar ta buɗe, sai da muka roƙi tsohon harshen gora na sakis a wajen masu busa, muka kankare shi da reza muka cusa, sannan ya zauna. Akwai nau'i na uku mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a ƙarshen allon wuya. Shi ba ruwansa da katako, tsirkiyar ƙarfe kawai yake ji, don haka ya fi kowa jure hayaniya, amma ba ya aiki da tsirkiyar hanji ko ta roba zalla, kuma muryarsa ta fi kama da jitar bes.

A nan ne na yi babban kuskurena, kuma na ga masu saund da yawa suna yin sa. Na ɗauki wayar fikof na soka kai tsaye a mikisa. Fiyezo kamar famfo ne mai matsi amma bututunsa siriri ƙwarai. In ka buɗe masa ƙaramar kafa, matsin na nan. In ka wangale masa babbar ƙofa, ruwan ya tsiyaye, matsin ya mutu, kuma sautukan ƙasa su ke fara tafiya. Wannan ƙuncin ƙofa shi ake aunawa da om. Fiyezo yana son ƙofar da turjiyarta ta kai om miliyan ɗaya ko fiye, wasu ma har miliyan goma. Ƙofar layi ta mikisa kuwa wajen dubu goma take. Abin da ya fito a daren nan sauti ne siriri, kamar an ɗaura roba a gwangwanin madara ana ja. Da na ji haka sai na murɗe maɓallin ƙasa har ƙarshe don in cike giɓin, kuma wannan maɓalli yana ɗaga daidai yankin da katakon ke jira ya yi ruri. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Maganin ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin fikof da mikisa: ko 'yar amfilifayar share fage da aka yi don fiyezo, ko akwatin DI mai aiki da batir ko wutar mikisa. DI marar wuta, mai taransifoma kaɗai, ƙofarsa ba ta kai ƙuncin da ake so ba. Wanda bai da ko ɗaya, ya ari fedar jita ta Boss, ko da ta saita tsirkiya ce. Yawancinsu ƙofarsu om miliyan ɗaya ce, kuma suna yin wannan aiki ko ba a taka su ba, muddin da batir a ciki. Da irinta muka fara, aro daga wani yaro mai jita.

Da sauti ya dawo da jikinsa, sai aikin da ya fi wuyar shiga kan makaɗi: yanke ƙasa. A kan yawancin mikisa akwai ɗan maɓalli da aka rubuta wa HPF, rariya ce da ke tace abin da ke ƙasa da 75 ko 80 ko 100, gwargwadon ƙirar. Ranar da na gaya wa Kawu zan danna masa shi, kallona ya yi kamar na ce zan yanke masa ƙafa.

"Kai yaro, kayan nan don ƙasa aka yi shi. In ka yanke ƙasa me ya rage?"

"Kawu, ku dai ku ja Mi ku saurara."

Ya ja, na danna, ya sake ja. Mi tana nan daram, har ta fi fitowa fili, don 'yan rakiyarta ba su tafi ko'ina ba. Rariyar ma ba datsewa take kamar wuƙa ba, gangara take yi a hankali. Abin da ya tafi shi ne dumdum ɗin da ba shi da murya: bugun hannu a jiki, girgizar dandamali, da wani motsi na can ƙasa da kunne ba ya ji amma yake sa fatar lasifika kai da komo a banza, yana shanye ƙarfin amfilifaya. Rariyar da ake iya murɗawa ta fi, sai a faro daga 40 ana hawa har a ji laka ta wanke, a tsaya kafin sautin ya rame. Daga nan in akwai kumburi a tsakanin 150 da 250 a ɗan rage, a ɗan ɗaga tsakanin 600 da 1,000 inda yatsa ke magana, in hancin fiyezo ya yi yawa a sassauta abin da ke sama da nan kaɗan. Gargaɗi ɗaya: sautin da ya yi daɗi shi kaɗai a gwajin la'asar, mai taushi da kauri, shi ne ke ɓacewa da dare. Wanda ke ratsa ƙungiya, in ka saurare shi shi kaɗai, sai ka ce ya yi tsauri.

Akwai wani maɓallin mai alamar da'ira da aka soke da sanda, mai juya fuskar sauti. Aikinsa shi ne ya sa lasifika ta tura a lokacin da da ja za ta yi. In aka yi sa'a, iskar da ke bugun katakon sai ta zo tana hana shi motsi maimakon zuga shi. Ba a sanin wace fuska ce daidai sai an gwada, kuma amsar na canzawa da tazara: igiyar sautin 100 tsawonta wajen mita uku da rabi ne, don haka matsawa da ƙasa da mita biyu daidai yake da danna maɓallin. In har yanzu akwai murya ɗaya da ke kumbura fiye da 'yan'uwanta, sai a farauto ta tun kafin baƙi su zo: a ɗaga a hankali har rurin ya fara leƙowa, a gano inda yake, a yi masa siririn yanka a nan kaɗai.

Sauran dabarun ba sa cin ko sisi. Kawu bai ji kansa ba a daren farko saboda amfilifayarsa na ƙasa, a bayansa, tana huci a cikin bayan kayan, shi kuma kunnuwansa ba a idon sawu suke ba. Sautin ƙasa yana bazuwa ko'ina, amma na tsakiya, wanda ake gane murya da shi, miƙewa yake yi inda lasifika ta kalla. Muka ɗora ta a kan kujera, a gefensa, tana kallon kunnensa, sai ga shi da kansa yana cewa a rage. Lasifikar ƙasa da ake jinginarwa a gaban makaɗi ita ce mafi muni, don cikin kayan take kallo. Dandamalin katako mai rami a ƙasa ganga ce babba, kuma ƙafar ƙarfen kontarabas tana shan girgizarsa kai tsaye, musamman in an jingina manyan lasifikun sautin ƙasa da shi. A siwan gara ya sauko ya tsaya a kan darduma bisa rairayi. A wannan fanni ma bikin layi ya fi na sala, wato ɗakin taro, sauƙi, domin yadi ba ya tare sautin ƙasa, wucewa yake yi abinsa. Sala mai tayil da bangon siminti tara shi take yi, kusurwa kuma ta fi ko'ina, kuma nan ne kullum ake tura mai kontarabas don kada ya tare hanya. Sannan sai toshe bakin kayan kansa: tsumma a saƙa tsakanin guntayen tsirkiyoyin da ke ƙasa da jaki don kada su yi amsa-kuwa, tawul a naɗe a cusa tsakanin marikin tsirkiya da cikin kayan, in abin ya ƙi, soso a ramukan biyu.

Janareta ma yana da nasa rabon. Wutar Sudan sau 50 take juyawa a daƙiƙa, kuma wayar fiyezo, saboda raunin abin da take ɗauke da shi, tana tsintar wannan gunji kamar eriya. Abin haushin shi ne muryar Sol ta ƙasa, wadda ake dannawa a kan tsirkiyar Mi, 49 take. In gunjin ya shiga layi, duk sa'ad da Kawu ya sauka a kan Sol sai ka ji sautin yana lilo, yana kumbura yana sacewa, kamar bai saita tsirkiya ba. Ya sha murɗa maɓallan wuya a banza kafin mu gano. Gajeriyar waya daga fikof zuwa akwatin farko, nesa da wayoyin wuta da na fitilu, da ɗan maɓallin raba ƙasa da ke jikin DI, su suka kashe maganar.

Duk wannan na'ura ce, kuma na'ura ba ta musu. Abin da ya fi ba ni wuya hannun hagun mai ogan ne. Kunne yana da wata ɗabi'a: sauti mai ƙarfi yana binne mai rauni da ke kusa da shi, kuma na ƙasa ya fi binne na samansa. A yankin da kontarabas ke zaune akwai babbar gangar ƙafa, akwai kuma ogan, wanda irin su Yamaha PSR da Korg Pa suna da nasu bes da ke bin kiɗa da kansa da zarar an danna. Muryar ogan tana tsayawa daram muddin yatsa na kai, ta kontarabas kuwa tana fita ta fara mutuwa nan take. In su biyun suka buga murya ɗaya, ogan kaɗai za a ji. In suka saɓa da kaɗan, laka za a ji, kuma Kawu za a kalla, don shi ne mai kayan da ba shi da alamun dannawa a wuya. Babu maɓallin da ke kan mikisata da zai raba wannan gardama. Sai da na sami yaron a gefe, da shayi a hannu.

"Ya ustaz, alfarma nake nema. Ka kashe mana bes ɗin cikin ogan yau, ka bar wa tsoho gidan ƙasa."

"Yaya, in na kashe kiɗan zai zama fanko. Mutane sun saba jin ƙirjinsu na bugawa."

Bai yi ƙarya ba, kuma na san abin da bai faɗa ba. Shi kaɗai da ogan ɗinsa yana iya ɗaukar biki sukutum, shi ya sa ƙungiyoyi ke ta ƙanƙancewa, kuma duk abin da ya kashe a cikin na'urar kamar ya rage wa kansa daraja ne a idon mai biki. Muka yi ciniki: waƙoƙin da, masu tafiyar hawainiya, na Kawu ne, hannun hagu ya hau sama. In dare ya raba aka koma kiɗan matasa, ya dawo da abinsa.

A wannan rabo ina ganin an yi adalci, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa da isassun kayan aiki kontarabas zai shiga ko'ina. Akwai ƙarar da in an kai ta, sai ka toshe ramuka, ka ɗaure katako, ka sa fikof mai maganaɗisu, ka yanke ƙasa, kuma abin da ya rage a hannunka jitar bes ce mai wahalar ɗauka a raksha, wato babur mai ƙafa uku. Makaɗan salsa sun fahimci haka tun shekarun 1960, suka rungumi Baby Bass na Ampeg, mai tsayuwa kamar kontarabas amma jikinsa na roba ne da ba ya amsa wa lasifika. Ga kuma lafiyar kayan. Wanda aka sassaƙa daga katako tsantsa ya fi murya, ya fi saurin ruri, kuma rani na tsaga shi. Na ablakash, wato falle-fallen katako da aka manne, ya fi kurumta, saboda haka ya fi dacewa da siwan ta kowace fuska. Duk ɗinkin da ya buɗe ko da kaɗan, fiyezo zai tona masa asiri a gaban jama'a. A cikin gangar jikin kuma akwai wani ɗan sanda a tsaye tsakanin gaba da baya, wanda Faransawa ke kira rai. Matsin tsirkiya kawai ke riƙe da shi, ba manne ba, don haka mai sassauta tsirkiyoyi duka saboda tafiya yana iya jin ransa ya faɗi yana gangarawa a ciki. Ban kuma manta da kunnen Kawu ba. Ma'aunin da wata cibiyar binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ke ba da shawarar a bi shi ne awa takwas a desibel 85, minti goma sha biyar kacal a 100. Shekara arba'in kusa da ganga tana cinye saman ji, inda "tak" ɗin yatsa yake, kuma wani ɓangare na "ɗaga ni" daga nan yake fitowa. Wannan ban gaya masa ba.

Bayan wata biyu aka kira mu wani bikin a unguwar Hausawa, siwan kuma. Na shimfiɗa darduma a ƙasa gefen dandamali, amfilifaya a kan kujera, fedar aro a ƙarƙashinta, tawul ɗin wanka mai ruwan ɗorawa a cushe a cikin kayan, ana hango shi daga layin baya. Maɓallin ƙararsa bai kai inda ya tsaya a daren farko ba. A waƙa ta uku wani dattijo mai farar jallabiya ya taso daga cikin kujeru, ya wuce mawaƙi, ya wuce mai ogan, ya zo ya tsaya a gaban Kawu ya ɗaga hannu yana ƙyasta yatsu a saman kansa, yadda ake yi wa wanda ya burge a nan. Kawu bai ɗago ba, amma na ga ya ƙara danna Re.

Wajen sha ɗaya ya ba yaron ogan wuri, ya koma kujera. Da aka watse, ana naɗe wayoyi, janareta ya yi shiru, sai ya kira ni.

"Zo ka cire min tsummokaran nan."

Na zare tawul, na warware tsumman, na ciro sosan ramuka. Ya miƙe da kayan, ya jingina shi a kafaɗa, ya ja Mi ɗaya, ba waya ba lasifika, ya tsaya har ta mutu da kanta. Sannan ya ce in je in nemo raksha.